Kwalba Biyu Ranar Talata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'ya'yana uku. Yaya aikin asibiti, yaya tsayuwar yini? Yaya gwiwar Mama? Ki ce mata Auta ta ce in ta sake hawa kujera don ɗauko abu a saman kabad, ni da ita ne. Mu ma nan lafiya lau, in dai lafiyar jiki ake tambaya.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a hannuna. Na san ki. In na kira, ba zan kai rabin magana ba za ki fashe da dariya ki ce littattafai sun gama cinye mini kai. A takarda kuwa dole ki bari in gama.

Yau sati uku ke nan da Talatar da komai ya juye mini. Amma sai na koma baya kaɗan, don akwai abin da ban taɓa gaya muku ba.

Ku dai a gida kun sa wa ƙanin naki, mijina, suna Likitan Tsutsa, kun yi dariyarku kun wuce, ba wanda ya taɓa zama ya ji abin da yake yi a ɗakin gwajin nan. Ni na zauna na ji. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin cewa in mutum ya yanke, jini yana daskarewa ya yi guda, kamar wata raga da jiki ke saƙawa ya toshe wurin. In rauni ya warke, jikin da kansa yake warware ragar. Akwai wani sinadari da ke yawo a cikin jini, sunansa ya fi ƙarfin alƙalamina, ni dai ina kiransa almakashi, domin a rufe yake yawo, sai an buɗe shi yake yanka. To tsutsar da yake nazari a cikin jijiyar jini take zama. Jiki zai so ya ɗaure ta da ragar nan, amma ita sai ta kamo almakashin ta manna a fatarta, ta sa a buɗe mata shi, ta yanke hanya ta wuce abinta. Da kayan aikin gidan take fasa gidan. Ranar da ya fara ba ni wannan labari, tun muna zance a falon Mama, na ce masa ban taɓa karanta mugu mai wayo irin wannan ba. Ya yi dariya har ya zubar da shayi. Ina jin ranar ya yanke shawarar aurena.

Shi aikinsa, ya tatso wani ruwa daga fatar tsutsar, yana so ya auna yadda yake saurin narkar da gudan jini. Wannan kuwa sai da sabon jinin mutum mai lafiya, kuma mutum ɗaya kowane sati, don kada lissafi ya rikice. Nasa ba ya yi saboda maganin asma da yake sha kullum. Yaya, wata bakwai ni ce mutumin nan.

Kowace Talata da ƙarfe takwas, ban ci komai ba, nakan sa rigata mai faɗin hannu mu tafi tare. Akwai wata koriyar kujera kusa da taga, mai katako a gefe inda ake ɗora hannu, fatarta ta tsage an liƙe da salatif. Zai wanke hannu, ya sa safar roba, ya zauna a gabana har gwiwarsa tana taɓa tawa. Sai ya buɗe littafinsa ya yi mini tambaya uku kamar bai taɓa ganina ba: ko na yi zazzaɓi, ko na ci abinci, ko na sha wani magani cikin kwana goman da suka wuce. Sannan ya ɗaure mini damtse, ya sa babban yatsa yana lalube a hankali har ya sami jijiyar. Mutumin da a gida yake cin abinci idonsa na kan takarda, wanda zan canza kaya sau uku a yini bai lura ba, a minti biyar ɗin nan ba ya ganin kowa a duniya sai ni. Har numfashi yake riƙewa kada ya ji mini ciwo.

Kwalba biyu yake cikawa, ƙanana, ba su fi yatsa ba. Ya rubuta musu Lamba Ɗaya. Ya bar su su daskare, ya ɗiga wa guda ruwan tsutsar, ya bar guda haka nan, ya danna agogo. Ni kuma in zauna a benci ina kaɗa ƙafa ina kallon jinina yana narkewa a hannunsa. Minti arba'in yake yi. Duk sanda ya cika sai ya buga tebur ya ce kai, madalla da Lamba Ɗaya. Na karanta littafin soyayya ya fi ɗari biyu, ban ga wadda aka yi wa irin wannan ba. Wasu an ba su zobe, wasu an rubuta musu waƙa. Ni jinina ne yake cikin aikin mijina.

Sai Farfesansu ya gano cewa Lamba Ɗaya matar ɗalibinsa ce. Ashe kwamitinsu ya hana a ɗebi jinin iyali, wai don mace ba za ta iya ce wa mijinta a'a ba. Wa ya zo ya tambaye ni? Shi kuma ƙanin naki bai gaya mini ba sai safiyar Talatar, na riga na sa rigar, yana sunkuye yana ɗaure takalmi. Ya faɗa kamar mai cewa sukari ya ƙare. Wai daga yau na huta da allura, an sami wata a wurin aiki ta sa hannu a takarda, in koma in yi barcina.

Ban koma barci ba. Na ɓoye filas ɗinsa a bayan labule har ya fita, sannan na ɗauka na bi shi da sunan ya manta. Ƙofar ɗakin gwajin tana da ɗan gilashi a sama. Na yi ɗage na leƙa. Ga ta nan a koriyar kujerata, ta naɗe hannun riga, shi kuma ya sunkuya, babban yatsansa yana lalube a hankali, yana riƙe numfashi. Daidai yadda yake mini, Yaya. Babu abin da ya rage. Ashe ba ni yake riƙe wa numfashi ba, jijiya yake riƙe wa.

Na ajiye filas ɗin a wurin mai gadi na dawo gida a ƙafa.

Na san abin da za ki tambaya. A'a. Matar ita ce mai riƙe da makullin ɗakin ajiyarsu, ta girme ki, tana da mijinta da 'ya'yanta huɗu, ga wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Da wata kyakkyawa ce mai yanga da ƙamshin turare, da na san a wane babi muke, da na san kukan da zan yi. Wannan kuwa ban san inda zan ajiye shi ba. Ta yaya mace za ta buɗe baki ta ce tana kishin jijiyar wata?

Kada ki gaya wa Mama. Ki gaida yara, ki ja wa ƙaramin kumatu a madadina.

Taki har kullum,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida baki ɗaya. Na ji an ce babbar ta yi na ɗaya a ajinsu, ki ce mata ƙwaƙwalwar ƙanwar uwarta ta ɗauko. Na ga saƙonki na waya, kalma uku da fuskar dariya guda biyar. Na gode, haka ake yi wa 'yar'uwa.

Na so in rubuto miki tun sati huɗu da suka wuce, lokacin ina cikin murna. Gara da ban rubuto ba.

Ga abin da ya faru. Wata rana da la'asar ya shigo ya yar da jaka, ya zauna bai ko cire takalmi ba. Na tambaye shi lafiya, ya ce jinin matar nan Mai Tabarau ya ƙi narkewa. Nawa minti arba'in ya narke, nata sai ya yi awa ɗaya da kwata yana zaune a kwalba kamar an dasa shi. Ya dube ni ya ce ni dai jinina ba ya gardama. Yaya, na shiga kicin na rufe ƙofa na yi rawa ni kaɗai, har albasa ta ƙone. Na ce a raina, to kwamiti, sai ku je ku ba shi naku.

Ya ɗauka ruwan tsutsar ne ya lalace, ya tatso sabo, bai canza ba. Ya ɗauka injin ɗumama kwalaben ne, ya kira mai gyara, bai canza ba. Ni kuwa kullum ina tarbarsa a ƙofa da fuskar tausayi ina tambayar yau minti nawa, cikina fal daɗi. Har na fara guge rigata mai faɗin hannu, ina jiran ranar da zai durƙusa ya ce in dawo.

Sai wata safiya yana shan shayi ya tsaya cak, kofi a sama. Idonsa ya yi wani haske da ban taɓa gani ba, ko ranar aurenmu. Ya ce to idan ba matsala ba ce fa? Idan akwai wani abu a jinin matar nan da yake hana tsutsar kama almakashin fa? Ya ce in haka ne, wata rana za a iya kare mutane da shi. Ya bar shayin ya fita, rigarsa a karkace.

Daga ranar ban sake samun mijina ba. Farfesa, wanda shekara biyu bai riƙe sunan mijina ba, ya sauko bene biyu da ƙafarsa don ya ga kwalbar. Yanzu ba Talata kaɗai ake ɗiba ba, har da Juma'a. Ya sayo sabon littafi mai shuɗin bango don Lamba Biyu ita kaɗai. Ni wata bakwai ina bayan wani tsohon littafi, tare da lissafin sanyin firji. Ya san abin da take karyawa da shi. Ya san ciwon da ya kashe kakarta. Ya san madara ba ta karɓe ta ba. Jiya muna cin abinci ya ɗago ya ce ko na san Mai Tabarau ba ta taɓa yin haɓo ba a rayuwarta? Na ce masa ban sani ba, Allah Ya ƙara mata. Ya ce amin, da zuciya ɗaya!

Kuma bayan an ɗiba, ana ba ta lemo da biskit, wai dokar kwamiti ce. Ni ko ruwa ba a taɓa ba ni ba. Na san ƙaramin abu ne. Amma na tsaya a shago na sayi irin biskit ɗin na ci a hanya, ba shi da ko daɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a da ni yake ba labarin tsutsar, ni ce mai tambaya ya amsa yana jin daɗi. Yanzu ita ma ta iya tambaya. Wai ta ce masa, to ita tsutsar da take yanke raga, ba ta tsoron mai gidan ya zubar da jini ya mutu ta rasa wurin zama? Kwana biyu yana maimaita wannan tambaya yana cewa matar nan da ta yi karatu da ta wuce su duka. Ni na yi masa irinta tun muna zance. Ya manta.

Na daina karanta littafin da na fara, don yarinyar ciki ta cika sa'a, tana ba ni haushi.

A gaida Mama, a ce mata ina nan tafe in an kwana biyu.

Ƙanwarki,
Auta

Af, na manta. Wata ƙawata ce take tambaya, tunda ke ma'aikaciya ce. Farar ƙwayar nan ta ciwon kai, asfirin, in mutum yana yawan shanta, tana taɓa jini ne? Ba wani abu ba ne, in kin samu lokaci.


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na karɓi wasiƙarki, shafi uku, ke da kika ce ba ki da lokacin rubutu. Na karanta sau ɗaya na tura ƙarƙashin katifa, na yi wanki, na dawo na ciro na sake karantawa ko ta canza. Ba ta canza ba. Kin ce wace ƙawa, ni da ba ni da ƙawa sai ta cikin littafi. Kin ce in daina yi miki wasan yara in faɗi tun yaushe. To ga shi.

Kin san ciwon kan nan nawa tun ina gida, wanda Mama ke cewa na manna littafi a hanci ne. Da na yi aure ya ƙaru, don yini nake ni kaɗai, daga shara sai karatu, kuma rubutun littattafan nan ƙanana ne kamar tururuwa. In azahar ta yi sai in ji kamar ana ɗaure mini goshi da waya. Sai in sha asfirin biyu in ci gaba.

A wata na biyu, wata Talata ya yi mini tambayarsa ta uku, na gaya masa gaskiya, na ce na sha shekaranjiya. Bai yi faɗa ba. Ya rufe littafi, ya cire safar hannu, ya ce babu komai, sai bayan sati biyu. Ko hannuna bai taɓa ba. Na dawo gida kamar wadda aka kora daga aji. Sati biyun nan na daure ban sha ba, na kwanta da jiƙaƙƙen tawul a goshi, na ƙirga kwanaki. Amma da aka koma ɗiba sai na ga ba zan iya ba. Ko in bar karatu, ko in bar Talata, ko in yi shiru. Na yi shiru. Na zuba ƙwayoyin a gwangwanin maɓallai, inda na san ba zai taɓa buɗewa ba. Kowace Talata ya tambaya, in dubi tsakiyar idonsa in ce a'a. Na zauna na ƙirga jiya: sau ashirin da biyu. Kuma a makonnin farko da nake da gaskiya bai fara danna agogo ba, hannu yake koya. Duk lambar da ya rubuta da sunana, da ƙwayar a jikina ya rubuta ta.

Wallahi ban san tana da alaƙa ba. Na ɗauka tambaya ce irin ta takarda, kamar yadda ake tambayar mutum sunan unguwarsu. Ko kuwa in ce ban so in sani ba. Ke za ki ce duk ɗaya ne.

Kin rubuta cewa ƙwayar tana tsinka jini, kuma kin taɓa ji a wajen likitocinku cewa ragar da jinin mai shanta yake saƙawa sakwa-sakwa take fita, almakashi ba ya shan wahala a kanta. Kin ce ba ki da tabbas har ƙarshe, shi ne zai sani. Amma ni na gane, Yaya, tun kafin in kai ƙarshen layin. Ba jininta ne mai taurin kai ba. Nawa ne sakakke. Ita jinin kowa da kowa gare ta. Shuɗin littafin, da Juma'a, da saukowar Farfesa, da biskit, duk ni na ba ta su da hannuna. Na nemi in zama ta musamman, sai na ɗauki wata na ɗora a wurin.

Na yi dariya da na gane, irin dariyar da ba ta da kyau. Maƙwabciyata har ta ƙwanƙwasa ta ce lafiya.

Bari in gaya miki abin da ya ƙara dagula ni. Ranar Laraba na je kemis, kin san abin da na je saye, ina tsaye a bakin titi ina jiran bas sai na ji an ce amaryarmu, ke ce? Mai Tabarau ce, da jakar cefane. Ta rungume ni kamar mun shekara da sabawa. Ta ce kullum ƙanin naki yana zancena, wanda na san ƙarya ce irin ta mutanen kirki. Da ta ɗaga hannu ta gyara mayafi na ga lanƙwasar hannunta, duka biyun sun yi baƙi-baƙi da shatin allura, ɗaya da auduga a manne.

Sai ta ja ni gefe ta rage murya. Ta ce don Allah ƙanwata, tsakanina da ke, ko ya taɓa faɗa a gida abin da suka gani a jinin nata? Ta ce ita dai sun ce mata ba ciwo ba ne, amma in ba ciwo ba ne me ya sa ake tambayarta abin da ya kashe kakarta? Ta ce maigidanta ya daina cin abincin kirki, yana bin ta da ido a tsakar gida, babbar 'yarta kuma ta karɓe mata wanki. Ta ce in wani abu ne gara a gaya mata tun tana da ƙarfi.

Jakar kemis tana hannuna, Yaya. Na matse ta har takardar ta jiƙe. Na ce mata bai gaya mini komai ba, Allah zai sawwaƙe.

Bas ta taho, na ƙanƙance ido ina neman lambarta. Ita ta karanta mini. Sannan ta dafa ni ta ce amarya, idon nan naki yana neman taimako, haka nawa ya fara da ciwon kai, ki je a duba ki. Ta taimaka mini na hau, ta tsaya tana ɗaga mini hannu.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nata a cikin bas ɗin nan ba. Minti biyar ta yi da ni ta ga abin da mijina bai gani ba a shekara guda. Kuma ita ce za a rubuta a takardar aikinsa.

Kin ce in gaya masa yau-yau. Yaya, ke mijinki ɗan kasuwa ne, in kin ɓata masa rai ya yi ihu ya huce kafin magariba. Ba ki san irin wannan ba. Ki ba ni lokaci. Kada ki kira shi, na roƙe ki da girman Mama.

Ƙanwarki mai kunya,
Auta


Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Mama da yara da babansu. Na ga kiranki sau shida. Ina lafiya, ban ɗauka ba ne don ba ni da amsa. Yau Lahadi, ina da ita.

Jiya da hantsi ya ce in zauna in zama masu sauraro. Ranar Alhamis zai tsaya gaban malaman sashensu da wasu baƙi ya yi bayanin aikinsa, gobe Litinin kuma zai kai wa Farfesa takardun ya sa hannu. Ya ɗora kwamfuta a kan teburin cin abinci, ya sa kwat ɗin aurenmu a kan wandon gida, ya tsaya yana gyaran murya. Ya yi kyau, Yaya. Ya bayyana tsutsar da almakashin har na ji kamar ranar farko. Sai ya nuna wani zane mai layi biyu. Ɗaya siriri, baƙi, ya gangara da sauri ya ɓace. Ya ce wannan jinin mutum ne na yau da kullum, da shi ake gwadawa. Ya wuce. Ko sakan goma bai yi a kaina ba. Ɗayan ja ne, mai kauri, ya miƙe har ƙarshen allo. A kansa ya yi minti ashirin.

Da ya gama na tafa masa. Ya zauna kusa da ni yana haki kamar yaro, ya ce in suka yarda za a ba shi shekara uku ya bi wannan jini, ya gwada na 'ya'yanta da na 'yan'uwanta, har garinsu zai je. Ya kama hannuna ya ce in yi masa addu'a.

Shekara uku.

Na yini ina aunawa. In na faɗa, wata bakwai na aikinsa sun tafi, shuɗin littafin ya tafi, zai hau bene biyu ya gaya wa Farfesa cewa matarsa ta yi masa ƙarya sau ashirin da biyu yana rubutawa. A littattafaina, in mace ta yi irin wannan furuci, ana ruwan sama, namijin ya juya baya, sannan ya juyo. Nawa ba haka yake ba. In ransa ya ɓaci shiru yake yi, ya je famfo ya daɗe yana wanke hannu. Ban san kwana nawa zai yi yana wankewa ba. Ban san ko zai sake tambayata wani abu ya yarda da amsar ba, ko da gishiri ne ya ji a miya.

In kuma na yi shiru, zai tsaya ranar Alhamis ya faɗi abin da ba haka ba, a tafa masa. Wata rana wani a wani wuri ya gwada ya ga ba haka ba ne, kunyar ta ninka. Kafin nan matar nan za ta ci gaba da miƙa hannu, mijinta yana bin ta da ido.

Na so in ce miki waɗannan ne suka sa na yanke shawara. Na so in zama irin wadda za ki yi alfahari da ita. Amma kin ce in daina yi miki wasan yara. Gaskiyar ita ce na tuna hannunta na ji ba daɗi, na tuna Alhamis na ji tsoro, amma abin da ya tsaya mini a wuya shekara ukun nan ne. Ba zan iya zama shekara uku ina zuba masa abinci yana ba ni labarin jinin wata ba, alhali ni na ƙirƙire ta. Gara ya san ita ba kowa ba ce. Gara ya zauna da tsohon littafin ya bi layina ɗaya bayan ɗaya yana neman inda na ɓata masa. In fushi zai yi, ai da ni zai yi. Ko fushi ne, nawa ne.

Na san wannan ba dalilin kirki ba ne. Ki yi mini faɗa in na zo, wataƙila in zo da wuri fiye da yadda na ce, ki sa a share mini ɗakina na da ko da ba a buƙace shi ba. Ki gaida Mama, kada ki ce mata komai tukuna. Ki sa ni a addu'a.

Gobe da safe, kafin ya kai wa Farfesa takardun, zan gaya masa.

Taki,
Auta